Zaren Tsakiya a Shagon Yadi

Litinin, 3 ga wata, da yamma

Uwar yara ta ce kunnenta ya gaji da mitata, in nemi inda zan riƙa zuba ta. To ga shi na samu. Takarda dai ba ta mayar da magana.

Yau aka sauke mana katako a sabon shagon yadi. Itacen turare ne busasshe, an yanka shi guntu-guntu, kowanne bai fi taƙi guda ba. Mun jera shi a tsakiyar shagon da tazara don ya sha iskar wurin, domin turare itace ne mai zuciya: in ka manna shi ranar da ya zo, sai ya kumbura ko ya tsuke ya ba ka kunya. Saƙar ƙayar kifi za mu yi a ƙasa, wato guntaye a jere kai da kai kamar ƙashin bayan kifi, daga bangon ƙurya har bakin ƙofa. Ɗaki ne dogo mai ginshiƙai uku. Tun kafin a haifi yaron nan da muke aiki tare nake daɓen katako, gwiwoyina shaida ne.

Na ce yaro, amma gemunsa ya fi nawa cika, 'ya'yansa biyu. Ɗana ne na fari, ni na koya masa riƙon guduma.

Mai Shago ta zo ganin kaya. Ina tsaye a gabanta, ta gaishe ni da ladabi, “Sannu, Baba,” sannan ta leƙa ta bayan kafaɗata ta ce, “Ina maigidan aikin?”

Yaron ya taso ya ce, “Ai ga shi nan kin wuce shi.”

Ta yi dariya kamar ya yi barkwanci, ta ci gaba da magana da shi. Ya faɗa, ban ce bai faɗa ba. Amma da murmushi ya faɗa.

Talata, 4 ga wata, da safe

A da “ƙaramin maigida” suke ce masa a layin masu katako. Ban san ranar da “ƙaramin” ɗin ya faɗi a hanya ba, ba kuma wanda ya tsaya ya tsince shi.

Laraba, 5 ga wata, bayan azahar

Mun je asibiti ni da uwar yara, ba don ina so ba. Likitan sa'an autana ne. Ya ɗiga min magani, ya haska min fitila a ido, ya yi ta bayani yana kallon uwar yara kamar ita ce mai idon. Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Bakinsa ne, ya faɗi abin da ya ga dama.

Ya ba ni wani kati mai layuka kamar raga, da ɗigo a tsakiya, wai in riƙa kallonsa kullum da safe. Na duba na ce, “Likita, wanda ya buga muku wannan ya cuce ku, layukan duk a tanƙware suke.” Bai yi dariya ba. Ita ma ba ta yi ba.

A hanya na ce mata maganar nan ta tsaya tsakaninmu, kada yaron nan ya ji. Ta ce to. Ban ji daɗin “to” ɗin ba, ya yi saurin fitowa.

Juma'a, 7 ga wata, da yamma

Yau ranar zare. A sana'armu kowa na iya share siminti, kowa na iya shafa gam, amma zaren tsakiya na maigida ne. Shi zai shafa masa alli, a ja shi daga bango zuwa bango, ya durƙusa ya runtse ido ɗaya ya duba, sannan ya ɗaga ya saki, layi ya fito a ƙasa. Duk daɓen a kan wannan layi yake tafiya. In ka kauce da kaurin gashi a farko, kafin ka kai ƙofa ya zama faɗin tafin hannu.

Shi kuwa yanzu ya sayo wata fitila mai ƙafa uku da ke zana jan layi a ƙasa. Ya kunna ta, masu fenti suka bar aikinsu suka zo kallo kamar an kawo biri. Na durƙusa na rufe idon hagu kamar kullum, tunda shi tun ina saurayi da ɓarɓashin katako ya faɗa masa dishi-dishi yake gani. Na duba da na dama. Jan layin ya tafi tiryan-tiryan, yana kaiwa ginshiƙi na biyu ya yi ciki.

Na ce, “Fitilarka ta lanƙwasa.”

Ya ce, “Baba, haske ba ya lanƙwasa.”

Na ce, “Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.”

Sannan ya kashe fitilar ya ce, “To Baba, buga zarenka.” Na buga inda idona ya nuna min. Na fita na wanke hannu, na tsaya hira da mai gadi. Da na dawo na tarar an yi shara, layin kuma ya fi yadda na bar shi fitowa. Alli ba ya ƙara haske da kansa.

Litinin, 10 ga wata, da magariba

An fara shimfiɗa. Duk abin da ke raina, in na durƙusa sai in manta da shi. Ƙamshin turare in an yanka shi yana buɗe hanci kamar man zafi, launinsa kuma ba ɗaya ba ne, wani ruwan zuma, wani ja-ja, wani fari-fari. Gwanintar ita ce ka gauraya su yadda ido ba zai tsaya a wuri ɗaya ba.

Na ɗauki gefen taga, shi ya ɗauki gefen matakala. Ina shafa gam, ina ɗorawa, ina bi da gudumar roba. Kafin in ajiye ɗaya ya ajiye uku, ko haki ba ya yi. Haka nake a da. Har na fi haka, a tambayi kowa.

Na ci karo da wani guntu mai jijiyar ƙaro, wannan baƙin zanen da turare kan yi a cikinsa. Nasa a lanƙwashe yake kamar lauje. Wasu jefar da irinsa suke yi, ni kuwa na ba shi wuri a gindin ginshiƙi na farko, inda hasken taga zai same shi.

La'asar na yi ya ce, “Baba, je ka huta gwiwarka, zan tattara kayan.” Tun yaushe ya fara tausayin gwiwata?

Talata, 11 ga wata, da hantsi

Laujena ya yi tafiya. Jiya a gindin ginshiƙi na bar shi, yau na same shi sahu biyu gaba. Katako dai ba shi da ƙafa. Na danna gefen da na yi jiya da babban yatsa, gam bai gama kamawa ba, alhali na ɓangarensa ya yi tauri. Wato ina juya baya ya ɗaye duk abin da na shimfiɗa ya sake da hannunsa.

Na gane abin da yake so. So yake ranar da Mai Shago za ta yaba, ya zamana babu guntu ɗaya a ɗakin nan da ba shi ya ɗora ba.

Laraba, 12 ga wata, da hantsi

Yau ma ya ɗaye.

Alhamis, 13 ga wata, da safe

Ƙofar ɗakinmu ta fara banƙarewa ta tsakiya. Sandunan lantarki na titinmu ma haka. Ba wanda ya iya tsayar da abu a miƙe a zamanin nan.

Juma'a, 14 ga wata, bayan la'asar

Na biya wurin Mai Zarto, abokina tun muna 'yan koyo, shi ke gyara mana yankan katako. Na ba shi labari ina jiran ya taya ni jin haushi. Ya kashe inji, ya kakkaɓe gemu, ya yi dariya har da tari.

“Kai dai an yi tsohon banza,” in ji shi. “Mutane na roƙon Allah ya ba su ɗan da zai fi su, kai an ba ka kana ƙyashi. So kake barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?”

Na ce, “Ya yi gudunsa mana, wa ya hana shi? Amma ba ta kaina ba.”

“To matsa masa daga hanya.”

“In matsa in je ina? In zauna ƙofar gida ina gaisawa da masu wucewa?”

Ya ce, “Kishi dai kake yi, mutumina. Faɗi gaskiya ka huta.”

Na tashi na bar masa shayinsa. Amma a nan zan faɗa, tunda ba mai ji. E, kishi nake yi. Ina kishin bayansa da ba ya ciwo. Ina kishin yadda masu fenti ke gyara tsayuwa in ya shigo, da yadda wayarsa ke ƙara ba hutu tawa kuwa sai in autana ya neme ni. Har uwarsa, jiya ta tsame masa tsoka daga tukunya ta ce ya sha aiki, kamar ni rawa na je yi. Na san abin kunya ne. Sanin bai rage komai ba.

Asabar, 15 ga wata, da yamma

Mun kai ginshiƙi na biyu. Mai Shago ta zo, ta cire takalmi ta taka, ta ce, “Kai, kamar mutum ya kwanta a kai!” Sannan ta dube shi ta ce in aka gama ƙasa da irin wannan kyau, saman bene ma shi zai yi. Na ga yadda fuskarsa ta washe. Ya daɗe yana son babban aiki da za a riƙa nuna wa mutane a ce nasa ne, na sani. Ni ma a shekarunsa haka nake.

Tana fita na ce, “Me ya sa kake ɗaye aikina?”

Ya ci gaba da goge cokalin gam. “Gam ɗin ne bai kama ba, Baba.”

“Kullum? Kuma a ƙarƙashin nawa kaɗai?”

“Gefen taga akwai laima.”

“Ni za ka koya wa laima? Ina shaƙar laima ta hanci kana cikin zani! Kuma layinka ya yi ciki a ginshiƙin nan, tun ranar farko na faɗa maka.”

Ya ɗago kai. “Baba, don girman Allah ka bar min layi. Ka riƙa zaɓa min launi, ba wanda ya kama ƙafarka a nan.”

Wato in koma mai tsince katako, in riƙa miƙa masa. Na jefar da guduma na ce masa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ya ce, “Haka ne, Baba.” Da ma musu ya yi da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 16 ga wata, da azahar

Katakon da ya rage ba zai kai gefe da gefe ba, sai an ƙaro. Gobe da sassafe zai tafi can inda ake busar da shi, sai jibi da yamma zai dawo. Ya zo ya yi min sallama, ya ce a bar shagon a rufe, ni ma in samu in huta. Makullin bai ba ni ba, uwarsa ya ba.

Shekara nawa muke tare da matar nan? Na san inda take ajiye abu.

Litinin, 17 ga wata, da magariba

Na ce mata wurin Mai Zarto zan yini.

Ni kaɗai a shagon, ba fitila mai ƙafa uku, ba mai cewa in je in huta. Na kafa ƙusa a bakin ƙofa, na ɗaura zare, na goge layinsa daga ginshiƙi na biyu, na buga nawa. Na cire cikin nan da ya yi. Na rufe hagu na duba da dama, layin ya miƙe har ya ba ni sha'awa.

Na yi ta shimfiɗa har na manta da abinci. Hannuna ya dawo. Ashe ba tsufa ba ne, takura ce.

Talata, 18 ga wata, da magariba

Na kai bakin ƙofa. Tsakiyar ɗakin gaba ɗaya na cike, gefe da gefe kaɗai suka rage. Na zuba gam yadda ya kamata, ba irin shafar rowa ta yaran yanzu ba, kuma gobe ya riga ya kama. Wannan karon sai dai ya kalla da ido.

Kafin in rufe na zauna a kan bokiti ina kallon aikina. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kai, ƙayar kifin nan ta jeru tana tafiya. Na daɗe ban ji daɗi irin na yau ba. Gobe Mai Shago za ta zo. Ina so in ga bakin da zai tambayi ina maigidan aiki.

Gwiwata ta kumbura. Uwar yara ta tambayi abin da ya sa wandona gam, na ce na taya Mai Zarto manna kujera. Ta dube ni, ta koma ɗaki ta ɗaga murfin keken ɗinkinta, inda ta ajiye makullin.

Laraba, 19 ga wata, bayan azahar

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari ba ragi.

Na riga shi zuwa. Ya shigo da guntayen katako a kafaɗa, ya tsaya cik a bakin ƙofa. Ya sauke kayan a hankali. Ya durƙusa ya sa farce zai ɗaga guntu ɗaya, ko motsi bai yi ba. Ya ce, “Baba.” Shi ke nan abin da ya ce. Na ɗauka mamaki ne ya kashe masa baki.

Ko minti biyar ba a yi ba sai ga Mai Shago. Ta tsaya daga cikin hasken ƙofa, ban iya ganin fuskarta sosai ba. Kwanan nan fuskokin mutane ba sa tsaya min wuri ɗaya. Ta yi tafiya daga ginshiƙi zuwa ƙofa, ta dawo, ta ce, “Wa ya yi wannan ɓangaren?”

Na buɗe baki ke nan ya riga ni. “Ni ne.”

Jinina ya hau. Kwana biyu ina rarrafe ni kaɗai, gwiwa a kumbure, a gabana kuma ya ce shi ne! Na ce da ƙarfi, har masu fenti suka leƙo daga bene, “Ƙarya yake yi! Ni na yi shi da hannuna, shi yana can kan hanya. Ko guntu ɗaya bai ɗora ba!”

Ya ce a hankali, “Baba, don Allah.”

Na ce, “Ba wani don Allah! Yau dai ba za ka cinye wannan ba.”

Mai Shago ta dube ni. Sannan ta ce, “To Baba, me ya sa ya karkace haka?”

Na yi dariya, na ce ina karkatar take. Ta ja ni zuwa bakin ƙofa ta nuna min da ƙafa. Ta ce a wannan kusurwa haƙoran saƙar cikakku ne, a waccan kuwa sun shige ƙarƙashin dokin ƙofa sun ɓace. Ta ce ga tsaga nan tsakanin katako da katako, har tsinke zai shiga. Na durƙusa na shafa da hannu. Tsagar tana nan. Yatsa ba ya yi min ƙarya.

Duk da haka na ce a ja zare. Ya ɗauko ba don yana so ba, ya ba mai fenti ɗaya bakin, suka ja shi tamau daga ƙurya zuwa ƙofa. Na rufe hagu na duba. Zaren da mutum biyu suka ja har yana rawa, na gan shi ya yi ciki a ginshiƙi na biyu.

Mai Shago ta dube shi ta ce, “Kai kuma ka dubi idona ka ce kai ne.” Ta sa takalminta ta fita.

Ban san yadda na zo gida ba.

Alhamis, 20 ga wata, da safe

Ban fita ba.

Juma'a, 21 ga wata, da hantsi

Ta kawo min abinci ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce, “Baban yara, ni na faɗa masa maganar idonka. Tun ranar asibiti.”

Na ce, “Kin ce min to.”

“Na ce to don mu iso gida lafiya. Kai kana ganin zan bar shi a duhu, kuna aiki ɗaya?” Ta gyara ɗankwali. “Kullum kana tafiya sai ya ɗaye ya sake, sai an yi isha'i yake shiga gidansa. Har matarsa ta zo min da ƙorafi, ta ɗauka wani wuri yake biyawa. Ya ce ko ita kada in faɗa wa, kai ma kada ka sani.”

Na ce, “Wato kowa ya san halin da idona ke ciki sai mai idon.”

Ta ce, “Kai ma ka sani. Kana wurin likita ya faɗa.”

Da ta fita na ɗauko katin nan daga ƙasan akwatin kayan aiki inda na jefa shi. Na rufe hagu, layukan suka tanƙware, ɗigon tsakiya ya ɓace. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na fara sana'a, na rufe dama na duba da hagu. Dishi-dishi, kamar ta cikin hayaƙi, amma a miƙe suke. Duk a miƙe. Sabo turken wawa. Ido ɗaya na yarda da shi duk rayuwata, shi na bi har ya kai ni ya baro.

Sauran abin da likita ya ce har yanzu ba zan rubuta ba.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Ya zo gaishe ni, na yi kamar ina barci. Na ji uwarsa na tambayarsa me ya samu hannunsa.

Litinin, 24 ga wata, bayan la'asar

Mai Zarto ya zo. Bai tsokane ni ba, ya zauna yana tambayar jiki kamar baƙo. Wannan ya fi zagi ciwo. Na ce in ba zai zage ni ba ya tashi ya tafi.

Ya ce, “To tsohon banza, abu ɗaya dai ba a ƙwace maka ba, ka iya shafa gam. Yaron nan kwana huɗu yana fama da kurfi da guduma, kowane guntu sai ya tsage kafin ya rabu da siminti. Ka san turare, ba ya fita da arziki.”

Na ce me ya hana shi ɗaukar masu taya shi.

“Na ce zan turo masa mutum biyu, ya ƙi. Wai in suka gani, gobe labari ya cika layin masu katako. A can cewa yake yi bututun ruwa ne ya fashe a ƙasa.”

Ya kamata in ji tausayinsa, kuma na ji. Amma ga abin da ya zo min a rai kafin tausayin: har a halin kirki ma ya fi ni. Da ni ne a shekarunsa, ubana ya yi min haka a gaban mai aiki, da sai an shiga tsakaninmu. A ina ya samo wannan haƙurin? Ba a wurina ba dai. Na uwarsa ne, ita ma ina jin haushinta.

Talata, 25 ga wata, da azahar

Na sa kaya masu kyau na je tsohon shagonta. Ta ba ni kujera, ta sa aka kawo min ruwa. Na ce mata laifin nawa ne, ni na ɗauki makulli, shi bai san komai ba, kada ta hana shi aikin bene saboda ni. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, har maganar ido na faɗa mata, ita da ba 'yar'uwata ba.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, “Allah ya ba ka lafiya, Baba. Amma benen na riga na ba masu tayil. Ranar buɗe shago ta matso, ba zan iya sake jiran katako ya huta ba.”

Na ce ko za ta sake shawara. Ta ce sun riga sun sauke kaya.

Ta rako ni bakin ƙofa tana cewa, “Ni dai da Allah zai ba ni ɗa irin naka…” Ban tsaya ta ƙarasa ba. Na gaji da jin yabonsa, ko da yake yabon ne ya kawo ni.

Tayil. A saman daɓenmu. Ni na jawo masa.

Alhamis, 27 ga wata, da magariba

Na je shagon da safe. Daga ginshiƙi na biyu zuwa ƙofa siminti ne tsirara, an kankare shi tas. A kusurwa ga tarin fasassun katako, aikina na kwana biyu. Daga bene ana jin ƙarar injin masu tayil.

Ya gaishe ni kamar jiya muka rabu. Yatsunsa duk filasta. Ya riga ya shafa wa zare alli, ya kafa ƙusa a bakin ƙofa zai ɗaura. Da ya gan ni sai ya miƙo min kan zaren gaba ɗaya ya ce, “Baba, zo ka buga.” Masu fenti suna tsaye suna kallo.

Allah ya sani na so in karɓa. Hannuna har ya ɗaga da kansa.

Na wuce shi na je bakin ƙofa, na zare ƙusar, na durƙusa na danne bakin zaren da babban yatsa. Aikin ɗan koyo ne, rabona da shi tun ban fara aske gemu ba. Na ce, “Faɗa min inda zan sa.”

Ya ja zaren ya tafi da shi. Sannan ya durƙusa a can ƙurya ya runtse ido, irin runtsewata sak. “Dama kaɗan, Baba. Kaɗan kuma. Ya isa.” Ya ɗaga ya saki, ƙurar alli ta tashi.

Na duba layin. Ya yi ciki a ginshiƙi na biyu.

Na ce, “A miƙe yake?”

“A miƙe yake, Baba.”

“Ka tabbata?”

“Na tabbata.”

Na jawo bokitin gam. Na ce masa sharaɗi ɗaya ne, in na kauce ya faɗa min a gabana, kada ya sake jira in juya baya. Ya ce to. Irin “to” ɗin uwarsa ne, don haka na sa ya maimaita.

Ya durƙusa kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa. Ya cika alkawari har ya so ya wuce gona da iri. “Baba, hagu kaɗan.” “Baba, wannan ya buɗe baki.” Kowacce sai na ji ta kamar ƙaya a tafin ƙafa, a gaban masu fenti kuma. Sau ɗaya na kusa jefa masa guduma. Kishin bai tafi ba, ban ga alamar zai tafi ba. Ina kallon yadda yake ɗaga kai ya hango har ƙarshen ɗaki a kallo ɗaya, ina jin da ma a ba ni aron idon nan ko na yini guda.

Har muka tashi a karkace nake ganin layin. A kansa na yini ina ɗora katako.